Kindle, Kobo ko Boox: Wacce Za Ta Ɗauki Littattafan Ɗalibi?

Filin Tambaya da Amsa kan Na'urori, daga Jidda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kulliyar Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina. Idona ya fara gajiya da karatu a waya, ga kwalayen littattafai sun cika ƙarƙashin gadona a sakan, wato masaukin ɗalibai, ban ma san yadda zan kai su Katsina ba idan na gama. Na ɗan tara wani abu daga mukafa'a, wato alawus ɗin da jami'a take ba mu, ina so in sayi na'urar karanta littafi. Abokin ɗakina, ɗan Indunusiya, yana da Kindle, kullum cikin yabonta yake. Wani ya ce mini Kobo ta fi, wani kuma ya ce in ba Boox ba asarar kuɗi ce. Wacce zan saya? (Wani ɗalibi, Madina)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya sa a gama lafiya.

Kafin ka sake sauraron kowa, je ka leƙa abin da abokin ɗakin naka yake karantawa a Kindle ɗin. Ina kyautata zaton za ka tarar da littattafan harshensu ne ko na Turanci, ko ƙananan littattafan Larabci na zamani. Idan haka ne, yabonsa gaskiya ne, amma bai shafe ka ba. Kai abin da ya cika wayarka dabam ne, kuma shi ne zai zaɓa maka na'ura, ba sunan kamfani ba.

Bari in fara kawar da maganar ido, don a nan babu gardama. Kindle ta Amazon, wadda ta fara fitowa a 2007, da Kobo ta ƙasar Kanada wadda kamfanin Rakuten na Japan ya saye a 2012, da Boox ta kamfanin Onyx na ƙasar Sin, da PocketBook, dukansu wajen kamfani ɗaya suke sayen fuskar na'urar, wato E Ink da ke Taiwan. Wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin fuskar, lantarki ya tura wasu sama wasu ƙasa, rubutu ya fito, ya kuma zauna a haka ko da ba a ba shi wuta. Shi ya sa batir yake daɗewa, shi ya sa kuma kake iya karatu a tsakar rana a harabar Masallacin Annabi, inda waya take komawa madubi. Fitilar da ke ciki daga gefe take haska shafin, ba daga baya take harbo idonka ba. Saboda haka duk wadda ka ɗauka, idonka zai samu sauƙi. Wanda ya ce maka tasa ta fi saura lafiyar ido, ciniki yake nema.

Inda aka rabu shi ne irin fayil. Buɗe wayarka ka duba. Littafin na'ura iri biyu ne. Akwai wanda rubutu ne tsantsa, kamar EPUB ko fayil ɗin Word: ka ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa da kansu, ko a kan ƙaramar fuska ba ya damun kowa. Akwai kuma wanda hoton shafi ne, an ɗora littafin takarda a kan injin an ɗauke shi shafi-shafi an haɗa a PDF, wanda ku ɗalibai kuke ce wa musawwar. Irin waɗanda ake saukowa da su daga shafukan intanet na Waƙfiyya da archive.org da rukunonin Telegram ke nan. Shi wannan ba ya lanƙwasuwa. Yadda madaba'ar Bairut ko ta Alƙahira ta buga shi, haka zai fito, sai dai a ƙanƙance shi ya shiga fuskar da ka ba shi. Na tabbata mafi yawan abin da ke hannunka wannan ne.

To ga lissafin da masu talla ba sa yi maka. Mujalladin littafin ilimi da ka saba ɗauka, faɗinsa santimita 17 ne, tsawonsa 24. Kindle ƙarama da Kobo Clara inci 6 ne, wato wajen santimita 9 da 12. Paperwhite ta 2024 da Kobo Libra inci 7 ne, bai kai santimita 11 da 15 ba. Ke nan shafinka zai koma rabin girmansa ko sama da haka kaɗan. Matanin da ke sama, mai manyan haruffa, zai karantu da ƙyar. Ta'aliƙin mai tahaƙiƙi da ke ƙasan layi, inda ake cewa wane ya fitar da hadisin a juzu'i kaza shafi kaza, zai zama kamar an watsa gero a faranti. Balle tsofaffin bugun Masar na fiƙihun Malikiyya, irin hashiyar Dasuƙi, inda hashiya take cikin akwati a tsakiya, sharhi yana zagaye da ita a gefe. Wannan ko a takarda sai ka matso da fitila. Za ka ce ai ana iya zuƙo shafin da yatsu biyu. Ana iyawa, amma wannan fuskar ba ta da saurin waya. Ka zuƙo, ta yi ƙifta, ka ja gefe, ta sake ƙifta, layin Larabci ya faro daga dama kai kuma tana nuna maka hagu. Kafin ka gama babi ɗaya ka mayar da ita cikin kwalinta.

Inci 10.3 kuwa wajen santimita 16 da 21 ne, kusan girman takardar A5. A nan shafin mujalladi yake shiga kusan yadda yake, kuma idan ka yanke farin gefen, rubutun kan fi na takardar girma. Akwai mai inci 13.3, wadda ta kusa A4, amma kuɗinta da nauyinta ba na mai mukafa'a ba ne.

Kada ka yarda da ni haka kawai. Ɗauki littafin da ka fi wahala da shi, ka je shagon hoton takardu na kusa da jami'a, ka ce a yi maka shafi ɗaya sau uku: a rage shi zuwa kashi 51 cikin 100, da 59, da 87. Na farko inci 6 ke nan, na biyu 7, na uku 10.3. Zauna bayan Isha'i ka karanta kowanne, har da ƙananan rubutun ƙasa. 'Yan riyal kaɗan za ka kashe, kuma za su amsa maka tambayar fiye da duk bidiyon da za ka kalla a YouTube, waɗanda yawancin masu yin su ba su taɓa buɗe littafin Larabci a na'urar ba.

Idan muka tsaya a kan inci 10, uku ne a gabanka.

Kindle Scribe, wadda ta fito a 2022, inci 10.2 ce, tana da alƙalami, kuma rubutu yana fita tas a kanta. Batirinta na makonni ne. Matsalarta ita ce Amazon ta gina ta ne don ka riƙa sayen littafi a shagonta. Gaskiya tun 2018 shagon yana da littattafan Larabci, amma galibi adabin zamani ne da fassarori, ba manhajar kulliyarku ba. Naka PDF ɗin, in kana so ka yi rubutu a kansa da alƙalamin, sai ka tura shi ta hanyarsu ta Send to Kindle, wadda ke buƙatar intanet kuma ba ta karɓar fayil da ya wuce megabait 200. Babu wurin sa katin ƙarin ma'aji. Ga wanda yake da mujalladai ɗari-ɗari, wannan aiki ne ja. Sannan abin da ka saya a wurinsu a kulle yake da asusunka, kuma a Fabrairun 2025 suka cire damar da ake da ita ta sauke littafin da ka saya a kwamfuta ka zuba ta igiyar USB. Ni wannan bai kwanta mini ba, musamman ga mutumin da zai koma inda intanet yake zuwa yana ɗaukewa.

Kobo Elipsa ta fi sakin fuska. Ka jona ta da kwamfuta, ka zuba fayil kamar yadda kake zubawa a filashi, ka yi rubutu a kan PDF ba tare da neman izinin kowa ba. Sai dai tana nauyin jiki idan fayil ya yi girma, kuma Larabci ba shi ne abin da masu ita suka sa a gaba ba. Masu haƙuri suna ɗora mata wata manhaja ta kyauta mai suna KOReader, wadda ta ƙware wajen yanke farin gefe da juya shafi daga dama. In kai mai son kwance-kwance da ɗaure-ɗaure ne, za ka ji daɗinta. In ba haka ba, bar ta.

Boox ita ce ta uku, kuma ita nake ganin ta dace da kai, irin su Note Air ko Go 10.3. Dalili ɗaya ne babba: Android ce a ciki. Kusan duk manhajar Android za ta hau, har da Shamila, manhajar nan mai tarin littattafan addini da ake bincikawa da kalma. Ka san yadda aikinku yake: ka nemo mas'ala a Shamila da kalma ɗaya, sannan ka koma musawwar ka tabbatar da juzu'i da shafi, domin malamin da ke duba bahasinka ba zai karɓi ihala, wato ambaton juzu'i da shafi, da ba ta dace da bugu ba. Boox kaɗai ce a cikin ukun za ta ba ka waɗannan biyun a na'ura ɗaya, har ta raba fuska biyu, littafi a dama, takardar rubutu a hagu. Manhajarta ta PDF tana yanke gefe da kanta, tana ƙara wa tsohon bugu baƙi idan hoton ya kwashe. Ga mai zama a halƙa bayan Magariba, malam yana sharhi kai kana rubuta fa'ida a gefen shafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibinta ma a faɗa. Ta fi tsada. Batirinta na kwanaki ne, ba na watanni ba, musamman in ka bar intanet a buɗe. Saitunanta suna da yawa, makon farko sai ka ji kamar ka yi jifa da ita. Ka lura kuma, Go 10.3 ta farko ba ta da fitila ko kaɗan, don haka in abokin ɗakinka ya kashe wuta, karatu ya ƙare. Tambayi mai shago ya kunna maka ka gani da idonka. Sannan ƙofar da Shamila ta shigo, ta nan WhatsApp ma yake shigowa. Kada ka sa shi. Abin da ka gudo daga gare shi ke nan.

Maganar ma'aji: mujalladi ɗaya musawwar kan ci daga megabait goma zuwa hamsin, wani ya haura ɗari in an ɗauke shi da launi. Fathul Bari kaɗai mujalladi 13 ne a bugun da aka fi sani, ban da muƙaddima. Gigabait 16 zai cika tun ba ka gama da hadisi ba. Nemi 64, ko wadda take karɓar kati.

Akwai wata gaskiya da masu son waɗannan na'urori, har da ni, ba mu cika son faɗa ba. An yi su ne don karatun jere, shafi bayan shafi. Ranar da kake rubuta bahasi, littafi shida a buɗe kana tsalle daga wannan zuwa wancan, kwamfuta ko iPad ko tabilet ɗin Samsung ta fi su nesa ba kusa ba. In abin da ka tara bai kai kuɗin mai inci 10 ba, kada ka ce bari in sayi ƙaramar in lallaɓa. Ko ka ƙara haƙuri zuwa wani zangon, ko ka nemi ta hannu.

Kwalayen ƙarƙashin gado kuwa, ka ware waɗanda ka karanta a gaban malamai ka cika gefensu da rubutunka, ka ba masu shahan, wato masu jigilar kaya, su kai maka gida ko nawa ne. Sauran ka sayar wa sababbin ɗalibai ko ka bar musu sadaka. Hukuncin sauke sabon tahaƙiƙin da madaba'a ta rubuta a bangonsa cewa haƙƙin bugu a kiyaye yake, wannan kai ne ɗan Kulliyar Shari'a, ni mai gyaran na'ura ne; ka kai wa malamanka, in sun ba ka amsa ka aiko mana mu ma mu ƙaru.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni a Jidda nake zaune da iyalina. Hutuna ɗaya shi ne karanta littattafan Hausa da marubuta suke turo mana ta WhatsApp, amma da daddare wayar tana sa mini ciwon kai. Sannan Innata tana tare da mu, idonta ya yi rauni, tana so ta riƙa karanta Alƙur'ani da manyan baƙaƙe. Ko na'ura ɗaya za ta ishe mu? (Maman yara, Jidda)

AMSA: Barka kadai, Hajiya. A gaishe da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ke taki mai sauƙi ce, kuma duk abin da na hana ɗalibin can, ke shi zan ba ki. Ƙaramar ita ce daidai da ke: Kindle Paperwhite ko Kobo Clara. Ba su da nauyi, hannu ɗaya ya ishe su, suna shiga jaka, ba sa tsoron ruwa in an yi tsautsayi a kicin, kuma ana iya mayar da fitilarsu ruwan ɗorawa da daddare, ki rage ta ƙasa sosai har mai gida bai san kina karatu ba. Amazon tana cewa cajin Paperwhite yana kai mako 12, amma lissafin rabin awa ne a rana da intanet a kashe. Wadda take cewa bari in ƙarasa wannan babin har a kira Asuba, ta sa ran ƙasa da haka sosai.

Abin lura shi ne yadda littafin yake zuwa miki. In fayil ɗin Word ne ko rubutu tsantsa ko EPUB, shi ke nan: Kindle tana karɓar su duka ta Send to Kindle, har daga wayarki, kuma tun 2022 ta fara karɓar EPUB. Kobo kuma EPUB ne abincinta, amma sai an bi ta kwamfuta. Akwai manhajar kyauta mai suna Calibre da take juya Word ya koma EPUB, ɗaya daga cikin yaran zai iya yi miki. In PDF ne mai girman A4, rubutun zai ƙanƙance. Tunda kin biya kuɗin littafin, ki roƙi marubuciyar ta ba ki na Word. In kuwa a cikin manhaja kike karantawa, kamar Wattpad, to Kindle da Kobo ba sa ɗaukar manhajar waya; sai ƙaramar Boox mai inci 6 ko 7.

Wani lokaci za ki ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito da wata siffa dabam da sauran haruffa, ko ma akwati ya tsaya a wurinsu. Ba lalacewa ba ce, salon harafin ne ba shi da su. Duka na'urorin biyu suna yarda a zuba musu wani salon. Andika da Charis kyauta ne, kuma suna da haruffanmu masu lanƙwasa cif.

Inna kuwa, ban ba da shawarar na'ura ba. Mushafin Madina shafi 604 ne, layi 15 a kusan kowane shafi, kuma wanda ya daɗe yana karatu ya san inda kowace aya take zaune, sama ko ƙasa, dama ko hagu. In an ƙara girman harafi a na'ura, wannan tsarin ya rushe. In an bar shi hoton shafi a inci 6, ya fi wanda take da shi ƙanƙanta. Ga shi dattijai suna bin layi da yatsa, ita kuwa fuskar da an taɓa ta sai ta juya shafi. Ki saya mata babban mushafi na takarda, irin wanda ake ɗorawa a kan marfa'i a masallatai. Ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina tana buga su, kuma tana da na ruwayar Warshu. Ki tambaye ta, in a makarantar allo ta yi karatu a gida, wataƙila Warshun ne bakinta ya saba da shi. Sannan a kai ta likitan ido ya duba ko yanar ido ce. In ita ce, aiki ne da ake yi a sallami mutum a ranar.

TAMBAYA: Na ga wata na'urar karatu mai launi da araha a Haraj, dandalin intanet na sayar da kayan hannu. In ɗauka? (Wani direba, Makka)

AMSA: Yallaɓai, launin nan kada ya ruɗe ka. A Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft, waɗanda suka fito a 2024, wani siririn tace ne aka shimfiɗa a kan fuskar baƙi da fari. Launin yana fita a kashe, kaifinsa rabin na baƙin rubutu, kuma shafin ya fi duhu, dole ka riƙa kunna fitila ko da rana. In don littattafan yara masu hotuna ne ko mushafin tajwidi mai launi, to. In rubutu za ka karanta, baƙi da fari ta fi haske kuma ta fi araha.

Ta hannu ba laifi, amma kada ka tura kuɗi sai ka riƙe ta. Buɗe farin shafi, ka ƙure fitila, ka duba ko akwai ɗigon haske ko layi ko wani ɓangare da ya daskare. Gilashin da ke ƙarƙashin fuskar siriri ne ƙwarai, yana fashewa daga ciki alhali waje lafiya lau, kuma kuɗin canza shi ya kusa na sabuwa. In Kindle ce, mai ita ya cire asusunsa a gabanka, kai kuma ka shigar da naka nan take; wadda aka kai rahoton sace ta ba za ta karɓa ba. Kashe ta ka ga abin da ke fitowa a fuska, don akwai masu rahusa da ake shigowa da su daga Amurka waɗanda suke nuna talla, wani lokaci bangon littafin da ba za ka so fasinja ya gani a hannunka a hanyar Harami ba. In sabuwa ka koma nema a Jarir ko Amazon ko Noon, tambayi garanti: na cikin ƙasa ne ko na waje.

Tunda direba ne kai, ga na ƙarshe. Amazon da kanta ta rubuta cewa ana amfani da Kindle ne tsakanin digiri 0 da 35. Ka san abin da cikin mota yake zama a Makka a watan Yuli in an kashe mukayyif an rufe gilashi. Batir yana kumbura, fuska tana lalacewa. In za ka sauka, sa ta a aljihun jallabiya ka fita da ita, amma ba aljihun da kake zama a kai ba.